Fuskar da Ba Ni Na Zana Ba

Madam Pawlak ba ta taɓa raina aikin hannuna ba, wannan zan faɗa ko a bayan idonta. Duk shekarar da na kawo 'yar tsana gasar ƙungiyarmu ta masu 'yan tsana a birnin Buffalo na Amurka, sai ta sa fararen safar hannunta, ta ɗaga ta da hannu biyu, ta juya ta a gaban fitila. Ta duba ɗinkin rigar, ta duba duwatsun adon da na jera a bakin zanen, ta ɗaga gashin ta ga sunana a ƙeya kamar yadda doka ta ce. Daga nan sai ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauko koren kati.

Ita ce mai tantancewa. Kowace 'yar tsana da ta shigo otal ɗin da ake gasar ranar Juma'a sai ta bi ta hannunta kafin alƙalai su gan ta. Da taɓawa ɗaya take raba wadda aka zuba a mazubin kamfani aka shafa mata fenti da wadda mai ita ta sassaƙa tun daga farko da yatsunta. Masu tara 'yan tsana daga Ohio a Amurka har Ontario a Kanada, in dai katinta ne, ba sa musu. Idan ta ba ki farin kati, kin shiga babban ɗaki, ɗakin masu fasaha, inda ake tsayar da 'yan tsana a ƙarƙashin fitila da sunan mai aikin a gabansu. Idan ta ba ki kore, wurinki teburin tsaraba, can bakin ƙofa kusa da hanyar banɗaki, tare da 'yan tsanar roba da wata tsohuwa ta sayo a filin jirgi lokacin da ta je yawon buɗe ido.

"Renelle, 'yata," haka take cewa kowace shekara, "ba ta da fuska."

"Na sani, Madam. Ai ni na yi ta."

"To alƙalai fuska suke dubawa. A nan me za su duba? Ɗigo biyu na ido, ɗan layi na baki, shi ke nan. Wa zai mutu in kin sa?"

"Ba a yi."

"Ke dai taurin kanki ya yi yawa."

"Shi ma na sani."

Mu Seneca, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, ba mu yi wa 'yar tsanar ɓawon masara fuska. Inna Verna, yayar mahaifiyata, ita ta riƙe ni a yankinmu na Cattaraugus, kuma a kan teburin kicin ɗinta na koyi jiƙa ɓawo da naɗe shi tun ƙafafuna ba sa kai ƙasa daga kan kujera. Labarin da ta ba ni shi ne wanda ake ba kowace yarinya: 'yar tsanar farko kyakkyawa ce, ta shagala da kallon kanta a ruwa ta bar yaran da aka ce ta kula da su, sai aka ɗauke mata fuskar. Inna takan ƙare labarin tana kallona ta saman tabarau.

"Ke da 'yar tsana ce, da tuni an ƙwace taki."

Da na gama jami'a da digirina na tarihin fasaha, na riga na san abin da hannuna ke iya yi, kuma ba na jiran wani ya faɗa mini. Na ga aikin da ke cikin babban ɗakin nan. Akwai gwanaye na gaske, akwai kuma waɗanda banda gashin ido babu abin da suka iya. Na ce a can wurina yake, kuma da 'yar tsanata yadda take zan shiga, ba da wata ba.

Don haka na shiga ƙungiyar. Duk wata nakan tuƙa motata cikin dusar ƙanƙara zuwa ɗakin ƙasa na cocin da suke taro, in zauna a tsakiyar tsofaffin mata sa'annin kakata, in sha kofinsu mai sanyi, in ci kek ɗinsu, in saurari gardama a kan takalmin wata 'yar tsanar Faransa, na asali ne ko ba na asali ba. Suna sona, a irin nasu son. Wata ta taɓa tambayata ko a wurinmu babu fenti ne. Na ce akwai, har da wutar lantarki.

Abu ɗaya da na lura da shi tun farko: mutanen nan magana suke yi da 'yan tsana. Ba don wasa ba, kuma ba su ma san suna yi ba. Mace za ta ɗauki ta tangaran ta ce, "Zo nan, uwar gayu, wa ya ɓata miki gashi?" Madam Pawlak ta fi kowa. Kowace 'yar tsana da ta bi ta teburinta sai ta ce mata wani abu, ko yabo ko faɗa. Tawa ce kawai ba ta taɓa yi wa magana ba. Takan ɗaga ta ta ajiye kamar kwando.

Shekara bayan shekara ina tsaye a gefen teburin tsaraba, iskar ƙofa tana bugun bayana, masu zuwa banɗaki suna tambayata ko ni ce mai tsaron wurin. Ban taɓa fashi ba, ban kuma taɓa zama ba. Nakan sa rigata mafi kyau in tsaya ƙyam tun daga buɗe ƙofa har rufewa.

"Duk karatun nan naki," in ji Inna Verna, "a bakin masai ya ƙare."

"A can na fara, Inna. Ba a can zan ƙare ba."

"To Allah ya ba da sa'a. Ki tafi da rigar sanyi."

Wanda abin ya fi damu bayan ni shi ne Mista Tedesco, likitan 'yan tsana. Tsoho ne gajere mai farar riga irin ta asibiti, yana yawo da jaka cike da idanun gilashi da igiyoyin roba da ƙananan buroshi. Shi ke ɗaure hannun da ya saki, ya liƙe kan da ya fashe, ya maido wa tsohuwar 'yar tsana jan kumatun da rana ta cinye. Ranar Juma'a, kafin Madam Pawlak ta fara nata aikin, shi ke duba kowace ɗaya a bayan rufaffiyar ƙofa ko ta ji ciwo a hanya. Farfesa yake kirana.

"Farfesa, fuska ita ce mai wuya," ya ce mini wata rana yana miƙo mini kofi. "Ba abin kunya ba ne. Ni kaina na daɗe kafin idanuna biyu su yarda su kalli waje ɗaya."

"Likita, ba kasawa na yi ba. Ba a yi ne."

"Haka ne, haka ne," ya ce, yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama yanke hukunci.

Bara na yi wadda ta fi duk abin da na taɓa yi. Mace ce tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ludayi, ta ɗan karkata kai, kafaɗar hagu ta fi ta dama ɗagawa, duk nauyinta a kan ƙafa guda. Na yi kaka da hunturu ina fama da wannan kafaɗar, in jiƙa in lanƙwasa in ɗaure, ta bushe ta ƙi zama, in kwance in sake. Da ta zauna, na ajiye ta a kan teburin kicin. Inna Verna ta daɗe tana kallonta.

"Wace ce wannan marar mutuncin?"

"Ke ce, Inna. Ranar da motar makaranta ta tafi ta bar ni."

"Ni ban taɓa tsayuwa haka ba," ta ce, hannunta a ƙugu.

A karon farko ta ce za ta raka ni Buffalo. Ta dafa romon masara ta cika filas ɗaya, ta cika ɗayan da ruwan zafi, wai ba za ta sha abin da Turawa ke kira kofi ba. Jakar ɓawona tana bayan mota kamar kullum. Ranar Juma'a na miƙa 'yar tsanar aka rufe ƙofa. Ranar Asabar da safe muka nufi teburin tsaraba kai tsaye, don ƙafafuna sun san hanya.

Ba ta nan.

Na duba bayan 'yan tsanar roba, na duba ƙarƙashin tebur. Sai wata daga cikin tsofaffin ta kama hannuna tana dariya, ta ja ni zuwa babban ɗaki. Ga ta can a tsakiya, ƙarƙashin fitila, farin kati a gabanta da sunana, Renelle Abrams, an liƙa jan ƙyallen yabo na matsayi na biyu a gefensa. Mutane sun kewaye ta.

Tana da idanu. Masu ruwan ƙasa, da gashin ido siriri, da gira, da ɗan jan kumatu, da ƙaramin baki yana murmushi. Ba zan yi ƙarya ba, aikin gwani ne. Kuma ba zan ce ban ji daɗi ba da na ga sunana a inda na daɗe ina son ganinsa. Wata mata daga Toronto, wadda kowa ya san girman ɗakin 'yan tsanarta, tana tambaya wace ce mai aikin. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru in yi murmushi irin na 'yar tsanar.

Inna Verna ta matso ta gyara tabarau.

"To," ta ce a hankali, "kin shiga. Amma ni ban san wannan matar ba."

Gaskiya ta faɗa. Jikin yana faɗa, fuskar tana ba da haƙuri. Matar da ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi ta koma wata mai tallan alewa.

Madam Pawlak ta taho da hannu a buɗe. "Kin gani? Ban faɗa miki ba? Da na ɗaga ta jiya na ce, yarinyar nan ta yi hankali!" A bayanta Mista Tedesco yana tsaye da jakarsa, fuskarsa kamar ta uban amarya. Da muka haɗa ido sai ya kashe mini ido ɗaya, ya ɗora yatsa a baki.

"Inna," na ce, "ɗauko mini jakar ɓawo a mota. Da filas ɗin ruwan zafi, da kwano."

"Me za ki yi?" in ji Madam Pawlak.

Na miƙa hannu na ɗauki 'yar tsanata. Sai da ɗakin ya yi wani irin sauti.

"Renelle! Ba a taɓa 'yar tsana bayan alƙalai sun wuce! Kuma ko safar hannu babu!"

"Madam, me dokar ɗakin nan ta ce a kan fuska? Aikin wa za ta zama?"

"Aikin mai ita, mana."

"Wannan ba aikina ba ne."

Ta kalle ni, ta kalli 'yar tsanar. Ta sunkuya ta dubi yadda aka ja girar, kuma mace ce da ta san hannun kowa a ƙungiyar. Ta juya a hankali wajen Mista Tedesco.

"Eugene."

"Dolores, ki saurara..."

"Eugene Tedesco, kai ne ka sa ni na ba da katin ƙarya?"

"Fentin ruwa ne kawai! Yarinyar nan shekara nawa tana shan iska a bakin ƙofa, ke kina kallo? Ta iya komai, fuskar ce kawai ta gagare ta, kuma girman kai ba zai bar ta ta tambaya ba. Na ce bari in..." Ya juyo wurina, muryarsa ta yi ƙasa. "Farfesa, taimako na yi."

"Na sani, Likita. Amma ba ta zo asibiti ba. Lafiyarta ƙalau."

Fentin ruwa ko ba na ruwa ba, ɓawo ya riga ya sha, ba ya gogewa. Inna ta dawo da kaya. Na ture wata takarda gefe, na ajiye kwanon a kan farin ƙyallen teburinsu, na zuba ruwan zafi, na zaɓi ɓawo mai laushi marar jijiya, irin na can ciki kusa da ƙwayar masara, na tsoma. Yayin da yake jiƙa na cire gashin, na kwance wuyan rigar, na sassauta zaren wuya. Na sa ƙaramin almakashi na yanke fatar kan daga ƙeya, na ɓare ta. Fuskar ta fito ɗungum a tafin hannuna, tana ta murmushinta. Wata tsohuwa ta rufe ido.

Jiƙaƙƙen ɓawo ba a kama shi da safar hannu, sai yatsa ya ji inda zai tsage. Na shimfiɗa shi a kan ƙwallon kan, na ja shi ta baya da babban yatsa har ya kwanta sumul ba ko yamutsewa, na cusa bakinsa a ƙarƙashin zare, na ɗaure, na riƙe kan a karkace yadda yake a da don ya bushe a haka. Babu wanda ya bar ɗakin, har masu sayar da kaya a waje sun shigo. Inna Verna ta samu kujera ta buɗe romon masararta tana sha kamar a gidanta.

Da ya ɗan sha iska na mai da gashin, na gyara wuyan rigar, na rubuta sunana a sabuwar ƙeyar. Na tsayar da ita a inda na same ta, ƙarƙashin fitila. Na cire jan ƙyallen na miƙa wa Madam Pawlak.

"Wannan ba nawa ba ne."

Ta karɓa. Ta sa shi a aljihu, ta ciro koren kati daga ɗaya aljihun.

"Kin san inda za ta koma," ta ce.

"Na san hanyar, Madam. Na fi kowa saninta."

Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Amma ita mace ce mai doka, kuma an riga an kunyata katinta sau ɗaya a ranar. Ta gyara safar hannunta, ta sunkuya, ta miƙa hannu biyu za ta ɗauki 'yar tsanar. Sai ta ɗan dakata, ta yi tsaki.

"Ke kuma, baiwar Allah, daina hararata haka," ta ce. "Ba ni na yi dokar ba."

Kowa ya juyo ya kalle ta. Ita kanta ba ta ji abin da ta faɗa ba, hannunta yana kan ƙugun 'yar tsanar.

"Madam," na ce, "da wane ido take hararar ki?"

Ta tsaya a sunkuye. Ta saki 'yar tsanar, ta ja da baya taku kaɗan, ta sake kallo. Ta koma gefen hagu ta kalla, ta koma na dama. Inna Verna ta riga ta tashi daga kujera ta zo ta tsaya kusa da ni don ta ji yadda za a ƙare, cokali a hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu, kafaɗar hagu sama. Madam Pawlak ta dube ta, ta dubi tebur, ta sake dubanta.

"Lafiya kike kallona?" in ji Inna.

"Wani take jira," Madam Pawlak ta ce, ba da kowa take ba. "Kuma wanda take jiran nan yau sai ya yi bayani."

"Ya yi," na ce. "Har da kuka."

Ta daɗe tana juya koren katin a yatsunta. Ɗaya daga cikin alƙalan ya fara cewa ai a ƙa'ida, sai ta ɗaga masa hannu ba ta ko kalle shi ba.

"Ni ce mai tantancewa, ba kai ba. Abin da nake nema a fuska shi ne in san abin da ke ran 'yar tsana. Na sani." Ta mai da koren aljihu, ta gyara farin katin da yatsa ɗaya har ya daidaita. "Za ta zauna a nan. Babu ƙyalle, don alƙalai ba wannan suka duba ba. Kuma ki kwashe mini kwanon nan daga kan teburi, kin jiƙa mana ƙyalle."

"To, Madam."

"Kar ki yi mini wannan murmushin. Baɗi sai kin bi layi kamar kowa."

"Da ma a layi nake."

Mista Tedesco yana can gefe ya zauna a kan jakarsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ɗauki ɓawon da na ɓare, ya fara naɗewa amma idanun suna nan da kyansu. Na kai masa.

"Likita, ga aikinka. Girar ta yi kyau, ba wasa. Ka sa hannu a baya, doka ce."

Ya karɓa da hannu biyu. "Kin iya zana fuskar, ko, Farfesa? Tsakaninki da Allah."

"Na fi ka iyawa. A jami'a har kyauta na ci."

Ya yi dariya har sai da ya share ido, ya buɗe jakar ya sa ta a hankali tare da idanun gilashinsa.

Na koma na tsaya a gefen 'yar tsanata. Matar Toronto ta dawo tana tambaya, na ce mata wannan ba ta sayarwa ba ce, tana da mai ita. Ɗakin akwai ɗumi, fitila tana dukan ƙeyata, har na fara gumi. Inna Verna ta zo ta zare rigar sanyin daga kafaɗata ta rataya a hannunta.

"Ni dai ban taɓa tsayuwa haka ba," ta ce.